Ja Ɗaya a Allon Injiniya

Bari in fara tona asirin kaina tun kafin wani ya riga ni. Ina da furfura har a gira, ga jikoki, amma na zauna gaban kwamfutar gwamnati ina buga karta ni kaɗai. Babu kuɗi a ciki, babu abokin wasa. Daga ni sai allo. In na ci, katunan su dinga tsalle suna zubowa, ni kuma in yi ta washe baki kamar an naɗa ni dagacin ƙauyenmu Indabo. Wannan ce wautata ta farko. Ta biyun ta fi ta girma, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu da ɗan aji huɗun firamaren da na samu kafin mahaifina ya ga gonar gero ta fi buƙatata.

Masinja ne ni a wata jami'a a nan Wudil. Bayan soja sun koma bariki, kansilanmu, wanda na yi wa yawon liƙa fasta a kan keke, ya tuna da ni ya samo mini aikin. Shara, kai takarda, dafa shayi, sai kuma riƙe makullan ofisoshi goma sha biyu na ɓangarenmu. Makullan nan su ne darajata. Farfesa da digirinsa, in ya riga ni zuwa, a bakin ƙofa zai tsaya yana duba agogo sai na iso. Har a ɗan masallacinmu na bayan ofis, in liman bai zo ba, ni ake turawa gaba saboda shekaru.

Kartar kuwa a wani dogon yajin aiki na koye ta. Malamai ba sa zuwa, ɗalibai sun watse, ni kuma dole in zo in buɗe in rufe. Hajiya mai buga takardu ta ga ina gyangyaɗi a kan benci, ta ce, "Baba, zo ka ga abin da zai kore maka barci." Ta ɗora hannuna a kan linzamin kwamfutarta, ta nuna mini yadda ake jan ja a ɗora kan baƙi. Aka janye yajin aiki, ni ban janye ba. Ita ta tafi hutun haihuwa, ta bar mini kwamfutarta mai lamba bakwai, na zama kamar wanda ya gaji gona.

A wannan lokacin aka ɗauko Injiniya don ya kula da kwamfutocinmu. Mutumin Filato ne, Kirista, dogo, mai yawan dariya, Hausarsa tana da ɗan karkace amma ba ta ɓata. Aikin gwaji aka ba shi, sai ya cika sharuɗɗa a tabbatar da shi. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna Jos, domin gidan ma'aikata sai wanda aka tabbatar ake ba wa. Kafin nan yana haya a wani ɗaki kusa da gada, inda warin kifi yake tashin mutum kafin ladan.

Yana da son bayani. Ko ba ka tambaya ba, zai gaya maka. Ran da na kai masa shayi na ga allonsa cike da ƙananan akwatuna masu launi, sai ya jawo mini kujera.

"Baba, kana da keke, ko?"

Na ce ina da shi, ya ma girme ka.

"To, in tayarsa ta ɓule me kake yi?"

Na ce faci.

"Yawwa. Kwamfuta ma tana da ɓula, ta nan ɓarawo da cuta suke shiga. Waɗanda suka ƙera ta in sun gano ɓular sai su aiko da faci. Da, sai mutum ya bi ofis-ofis da filashi yana liƙawa. Yanzu na sa wata manhaja. A cikin kowace kwamfuta na ajiye ɗan rahoto, shi zai gaya wa wannan tawa abin da ke cikinta da abin da ta rasa. Daga nan inda nake zaune zan tura faci ya shiga dukkansu. Kore, ta karɓa. Rawaya, tana kan karɓa. Ja, ba ta ji kira ba."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Abin da ya kamata ya tsaya mini a rai shi ne ɗan rahoton nan, amma hankalina yana kan ko ya sha shayin in ɗauki kofi.

Sati biyu bayan nan Daraktan ɓangarenmu ya kira taron ma'aikata. Ina cikin zagayawa da tire Injiniya ya haska allonsa a bango, yana nuna abin da kowace kwamfuta ta fi yi. Wannan takardun jarrabawa, waccan wasiƙu. Da ya zo kan lamba bakwai sai ya ɗan yi tari.

"Wannan kuma, ranka ya daɗe, karta ce aikinta."

Darakta ya sauke tabarau. "Ta Hajiya ce ai, kuma Hajiya tana gida tana jego. Wa ke da makullin ɗakin?"

Idanu ne kawai suka juyo, suka same ni da butar shayi a hannu. Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Injiniya, da dariyar nan tasa, sai ya ƙara da cewa, "Gaskiya kuma Baba gwani ne, ranka ya daɗe. Cin da yake yi ya fi faɗuwarsa yawa." Ɗakin ya kwashe da dariya. Har wani malamin lissafi da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya kwanta a kan tebur. Nan take, a gabana, Injiniya ya danna abu ɗaya, ya ce karta ta fita daga duk kwamfutocin ginin. Ko tashi daga kujera bai yi ba.

Daga ranar sunana ya koma Baba Karta. Masu gadi suka ɗauka, direbobi suka ɗauka. Kafin sati ya zagayo, labari ya hau babur ya isa Indabo, kuma a hanya ya ƙara nauyi, ya zama wai caca nake yi da injin Turawa. Surukina ya zo gaishe ni, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce yana yi mini addu'a. Ran da liman bai zo ba, na gyara hula zan matsa gaba, sai na ga an kama hannun akawu an tura shi. Akawun da a gabana ya fara gemu. Na bi shi salla, amma Allah Ya gafarta mini, ba a kan karatunsa zuciyata take ba.

A zamanin soja, in babba ya ci maka fuska sai ka yi shiru, in ƙarami ne ka mare shi. Zamanin farar hula kuwa an ce komai sai a rubuce, ka kai ƙara, a kafa kwamiti. Ni da in na rubuta layi uku sai na huta, wace ƙara zan kai? In ce me, an faɗi gaskiya a kaina? Sai na zauna ina jira, ina kai masa shayi da sukari cokali uku kamar yadda yake so.

Shi da kansa ya miƙo mini sandar da zan doke shi. Faci ba ya zama sai kwamfuta ta mutu ta sake tashi, malamai kuma sun yi ta ƙorafi yana kashe musu aiki a tsakiyar wasiƙa. Da yamma ana kashe janareto. Saboda haka lokaci ɗaya ne ya rage masa a duk sati: Juma'a, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Wanda ya san Wudil ya san Juma'arta. Ranar kasuwa ce, motocin shanu sun toshe hanya tun daga gada, kowa yana fita da wuri don ya samu sahu, in an idar kuma sai an leƙa kasuwa. Ginin ya zama babu kowa sai Injiniya. Darakta ya yarda a bar janareto a kunne, aka liƙa takarda a kowace ƙofa cewa kada a kashe kwamfuta ranar Juma'a. Ƙarfe uku daidai manhajar take aika wa Darakta rahoto da kanta, ba ruwanta da roƙo.

"Baba," in ji shi, "ka taya ni addu'a a masallacinku. Darakta ya ce Juma'a huɗu a jere yake so ya ga kore tas, babu ja ko ɗaya. In na samu, kwamiti zai tabbatar da ni, in ɗauko Madam da yara."

Na ce Allah Ya ba da sa'a. Sannan na tambaye shi, kamar mai neman ilimi, ta ina facin yake bi ya shiga. Ya duƙa ya nuna mini wata waya shuɗiya a bayan akwatin kwamfutar, mai ɗan kunne a kanta. Ya ce in ta fita, kwamfuta ta zama kurma.

Ban taɓa fahimtar darasi da sauri kamar wannan ba. Da malaminmu na aji huɗu yana raye da ya yi alfahari.

Juma'ar farko na zaɓi ofishin malamin lissafin nan. Kafin in kulle, na zagaya bayan tebur, na danne kunnen wayar, na ja ta kaɗan har ta ce ƙas. Ban zare ta ba, na bar ta a bakin raminta, duk wanda ya kalla zai rantse a ciki take. Na kulle ƙofa na tafi masallaci. Da na dawo na shiga da sunan buɗe taga, na mayar da ita. Ƙarfe uku ta riga ta wuce, rahoto ya tafi. Na tarar da Injiniya ya zabga tagumi, ga allo kore shar, sai ja guda ɗaya a tsakiya kamar ƙurji a goshin amarya.

"Baba, buɗe mini lamba uku."

Na buɗe. Ya duba, ya jijjiga, ya hura, komai lafiya. Na tsaya a bayansa na harɗe hannu ina cewa ikon Allah.

Juma'a ta gaba lamba uku ta karɓi facinta, lamba tara ta yi ja. Ta gaba kuma lamba biyar. Ban taɓa maimaita ɗaki ba, kuma ban taɓa yin biyu a rana ɗaya ba. Ɗaya ta isa. Mutum in ya faɗi da nisa yana haƙura, amma saura ƙiris ɗin nan shi ke hana cin abinci. Ya sauya wayoyi. Ya ce ɓeraye ne, ya sa magani, muka kwashe gawa shida, ni na haƙa musu rami. Ya hau silin yana bin waya da tocila, ni na riƙe masa tsani, ya sauko kansa duk kashin jemage. Na ce masa, "Injiniya, kafin a yi ginin nan akwai wata tsamiya a wurin, ba a kuma nemi izinin masu ita ba." Ya yi dariya, amma ba irin ta da ba. Wannan gajeriya ce.

Ran Litinin yakan bi kwamfutar da ta yi ja, ya roƙi mai ita ya tashi, ya sa facin da hannu. Amma Darakta ya ce ba a ɗauke shi don ya yi da hannu ba, in da hannu ne ai akawu ma zai iya. Na ji wannan ta bayan ƙofa, na sauke tire don kada kofuna su yi ƙara saboda dariyar da nake dannewa.

Ba zan ɓoye ba, sau ɗaya na kusa fasawa. Ya je Jos ya dawo da ɗan buhun dankalin Turawa, ya ce Madam ta ce a kawo wa Baba mai riƙe tsani. Ya nuna mini hoton yaran a wayarsa, ƙaramar ta fara faɗuwar haƙori. Na kai dankalin gida, mai ɗakina ta soya da ƙwai. Ina cikin ci wani maƙwabci ya leƙo zaure ya ce, "Baba Karta, yau wa ya ci?" Na cinye dankalin, na sha ruwa, na kuma san abin da zan yi.

Na daina taɓa komai. Juma'a ta zo, allo ya yi kore tas. Injiniya ya fito baranda yana tafa hannu shi kaɗai. Ta biyu, kore. Ya sayo mini lemo. Ta uku, kore. Ya je ya leƙa gidan da aka ce za a ba shi, ya dawo yana ba ni labarin bishiyar mangwaron da ke tsakar gidan, da inda Madam za ta sa keken ɗinkinta. Ya ce ya gano matsalar, wai wani akwatin rarraba waya ne da ya sauya. Na ce ai ilimi ba ƙarya ba ne. Darakta ya sanar cewa a Juma'a ta huɗu 'yan kwamiti za su biyo daga masallaci su ga allon da idonsu, a sa hannu a wuce wurin.

Sati uku ina kiwon wannan Juma'ar kamar ragon layya. Da ta zo, ban tsaya a ƙananan ofisoshi ba. Na kulle goma sha ɗaya lafiya lau, na bar na Darakta a ƙarshe. Na shiga, na taka kafet ɗin da ni nake share shi, na zagaya bayan babban teburin, na dafa akwatin, na ja. Ƙas. Na fita na bi ayarin masu zuwa masallaci, ina ratsa tsakanin motocin shanu, zuciyata fes.

Da gangan na yi jinkirin dawowa. Ina isowa na tarar da ƙofar Darakta a buɗe, ya buɗe da nasa makullin, mutum huɗu na kwamiti suna tsaye da manyan riguna, Injiniya yana durƙushe a bayan tebur. Na ji ƙas ɗin da wayar ta yi da ya mayar da ita. Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda mayar da waya yake bukata.

"Mene ne?" in ji Darakta.

"Waya ce ta saki, ranka ya daɗe."

"Waya ta saki. A ofishina. A gaban baƙi." Darakta ya juya ga 'yan kwamiti. "Kun gani ko? Wata nawa ana abu ɗaya. Yau ɓera, gobe akwati, jibi waya."

Shugaban kwamitin, wani dattijo mutumin Katsina, ya ce ba kora ba ce, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, sai zama na gaba. Zama na gaba kuwa sai baɗi. Gidan mai mangwaro aka ba wani ma'aikacin ɗakin karatu tun kafin sati ya ƙare.

Masu wa'azi suna cewa ramuwa ba ta da daɗi. Ni dai ban san irin wadda suka ɗanɗana ba. Tawa ta yi daɗi. A ranar na tsaya bakin gada na sayi soyayyen kifi babba, na zauna a kan dakali na ci ni kaɗai, da yaji, ina kallon masu kwale-kwale. Na tuna dariyar ɗakin taro, na tuna akawu a gaban sahu, na tsotse ƙayar tas. Asabar da Lahadi na yi su a gona ina waƙa, har mai ɗakina ta tambaya ko an ƙara mini girma ne.

Ran Litinin na zo da wuri na buɗe ofisoshi, na zauna a bencina. Can sai ga Injiniya. Maimakon ya wuce ɗakinsa, sai ya zauna a gefena, abin da bai taɓa yi ba. Muka gaisa, ya kwana, ya gajiya, ya mutan gida, ya gona. Na tambayi Madam da yara, don rashin kunya. Ya ce suna lafiya, ya gaya musu su sake biyan kuɗin makaranta a can.

Sannan ya ciro takarda daga aljihu ya buɗe a kan gwiwarsa. Layuka ne da lambobi.

"Baba, ɗan rahoton nan ba launi kawai yake ba ni ba. Yana rubuta lokacin da kowace kwamfuta ta daina magana. Duba. Ɗaya saura kwata. Ɗaya saura minti goma. Ɗaya saura kwata. Kullum kafin in fara turawa, kullum lokacin da ake kulle ƙofofi. Na daɗe ina ganin wannan, na ce a'a, ba dai Baba ba. Shi ya sa na hau silin."

Na ce ni ban iya karatun boko ba.

"Na sani. Wannan kuma ba ya bukatar boko. Bayan akwatin Darakta akwai ƙura, ba ka share wurin. Na ga shatin yatsu huɗu a kai. Da jiƙaƙƙen hannu aka dafa, ƙurar ta kama ta bushe."

Na dubi makullan da ke hannuna. Saura 'yan watanni in yi ritaya, kuma na san takardar nan in ta hau teburin Darakta, fanshona ya bi ruwan kogi. Na fara shirya rantsuwar da zan yi, ina auna wadda za ta fi sauƙin kaffara.

Bai ba ni damar yin ta ba. Ya ninke takardar gida huɗu, ya ɗora mini a cinya, ya ce ba shi da wata. Har yau ban san dalilinsa ba. Na fi so in ce tsoro ne, baƙo ne a garin mutane, wa zai yarda da shi a kan dattijo ɗan ƙasa? Wannan bayanin ya fi yi mini sauƙin kwanciya, shi nake riƙe da shi. Bai ce in ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni haƙurin dariyar da ya sa aka yi mini ba. Shekarar nan haka ya ƙarasa ta a ɗakin bakin gada, allonsa kore kowace Juma'a, ni kuma ina kai masa shayi har ranar da na miƙa makullai.

Amma a safiyar nan, da ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa, ya yi taku biyu sai ya juyo. Babu dariya a fuskarsa, babu kuma fushi. Kamar dai yadda yake tambaya in yana son ya fahimci abu.

"Baba, akwai abin da na kasa ganewa. Ta tagata ina hango famfo. Kowace Juma'a sai ka yi alwala tukuna, sannan ka shiga kulle ƙofofi. Ni ban san addininku sosai ba, shi ya sa nake tambaya. Wannan ba ya karya alwala?"